Marigayi Alhaji Audu Bako, Gwamnan da Ya Keɓe wa Kano Wurin Shan Iska

An haifi Audu Bako a barikin 'yan sanda na Kaduna cikin shekarar 1924, mahaifinsa ɗan sanda ne. Ya yi karatu a Kaduna da Makarantar Midil ta Zariya, sa'an nan ya bi sawun mahaifinsa cikin 1942. Yana cikin wannan aiki har watan Mayu na 1967, sa'ad da Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, ya naɗa shi Gwamnan Jihar Kano. A lokacin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, har Kanya Babba, duk cikin Jihar Kano suke, gama ba a yanke Jigawa ba sai 1991.

Malaman En'e sun fi tuna shi da gyaran mulkin da ya rage ikon sarakuna, manoma kuwa da madatsun ruwa. Amma akwai wani aikinsa da ba a cika yaba masa ba, watau tanadin filin da talaka zai je ya huta.

Mutanen dā sun san wannan hikima. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Kano cikin 1824, ya tarar gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ganuwa ta kewaye ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Da jama'a suka yawaita sai gini ya yi ta cin waɗannan filaye. Audu Bako ya gane kadan ba a keɓe wuri tun yana daji ba, ran da aka bukace shi ba ya sayuwa. Don haka ya sa aka shata wani yanki kudu da birni, ya fi eka 100, aka soma gidan dabbobi cikin 1971, aka buɗe shi cikin 1972. Bai tsaya ga kejin zaki da kura ba, aka bar itatuwa da inuwa. Duk wanda ya bi titin Gidan Zu yau ya ga kantuna da gidaje sun kewaye wurin ko ta ina, sai cikinsa kaɗai ya saura da duhuwa. Ran salla iyaye su kai 'ya'yansu, malaman makaranta kuma su ɗebo yara daga ƙauyuka masu nisa su ga dabbar da dā sai a tatsuniya suke jin sunanta.

Haka ya yi a wajen gari. Inda ya tare ruwa a Bagauda ya gina masauki a bakin tafkin. A Tiga, wadda aka gama cikin 1974, aka ɗora wani masaukin bisa dutse. Manufarsa ita ce ruwa guda ya shayar da gari, ya ba da noman rani, ya kuma zama wurin shaƙatawa.

Ba za a ce shirin ba shi da aibu ba. Tare ruwa a Tiga ya rage ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru ke rayuwa a kanta, masunta da makiyaya na can suka ji a jikinsu. Kuma Bagauda da Tiga sun yi wa marar mota nisa. A ganina da ya watsa ƙananan filayen wasa cikin unguwanni, da amfanin ya fi yawa. Masaukin Bagauda ma daga baya an mai da shi makarantar horon lauyoyi.

Ya sauka cikin Yuli 1975, sa'ad da Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki. Ya koma noma, Allah ya yi masa rasuwa cikin 1980. Gidan dabbobin, da babbar sakatariyar jiha, da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta, duk sunansa suke amsawa. Allah ya jiƙansa.