Arthur Compton, Masanin Da Ya Bi Sawun Hasken Da Ido Ba Ya Gani

An haifi Arthur Holly Compton ran 10 ga watan Satumba, 1892, a garin Wooster cikin jihar Ohio ta Amurka. Gidansu gidan ilmi ne: mahaifinsa malami ne a kwalejin garin, yayyensa maza biyu kuwa kowanne ya shugabanci babbar makaranta daga bisani. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Princeton a 1916.

Aikin da ya ɗaga sunansa ya yi shi ne a Jami'ar Washington ta birnin St. Louis a 1922. A zamanin nan galibin masana sun ɗauka cewa haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa kurum. Einstein ya riga ya faɗa tun 1905 cewa haske ƙwayoyi ne, amma kaɗan ne suka yarda. Sai Compton ya ɗauki hasken eksire, watau wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ya haska shi a kan baƙin ma'adinin nan da ake bakin fensir da shi. Ya tarar hasken da ya kauce ya rage ƙarfi, kuma gwargwadon kaucewarsa gwargwadon asararsa. Igiyar ruwa ba ta yin haka. Dutse ne idan ya bugi ɗan'uwansa yake ba shi wani abu daga ƙarfinsa ya canza hanya. Ashe ƙwayar haske ce take karo da ƙwayar lantarki. Wannan ya jawo masa lambar Nobel a 1927, wadda suka raba da C.T.R. Wilson.

Da ya koma Jami'ar Chicago sai ya juya ga tartsatsin da ke zubo wa duniya daga sararin samaniya dare da rana. Shahararren masani Robert Millikan ya dage cewa wani irin haske ne. Maimakon doguwar gardama, Compton ya rarraba na'urori iri ɗaya ga ayarin masu bincike, shi kansa ya ratsa Ostareliya da Peru da Meziko har arewacin Kanada a 1932. Awo ya nuna tartsatsin ya fi rauni a tsakiyar duniya, yana ƙaruwa idan an nufi arewa ko kudu. Ke nan maganaɗisun duniya yana karkatar da shi, abin da ba ya yi wa haske. Millikan, ga girma ga suna, bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan, amma gaskiya na wajen Compton.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗora masa nauyin da na'ura ba ta aunawa. Shi ya shugabanci ɗakin binciken Chicago na shirin ƙera bam ɗin nukiliya, shi ne kuma ya amince Enrico Fermi ya kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya ran 2 ga Disamba, 1942, a ƙarƙashin filin wasan jami'ar, tsakiyar birni mai cike da jama'a, ba tare da ya nemi izinin shugaban jami'ar ba. A 1945 yana cikin masana huɗu da suka ba da shawarar a yi amfani da bam ɗin a kan Japan, alhali wasu daga cikin ma'aikatansa sun nemi a fara gwada shi a fili don gargaɗi.

Bayan yaƙi ya koma St. Louis ya shugabanci Jami'ar Washington. Ya rasu a Berkeley ran 15 ga Maris, 1962, yana da shekara 69.