ƊARIƘU BIN ZIYAD BAI ƘONA JIRAGE BA



Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i a Unguwar Sarki, wani matashi ya tare ni a bakin masallaci yana neman addu'a. Ya yanke shawarar sayar da kekensa mai ƙafa uku da yake ci da iyali da shi, ya bi ta Agadas zuwa Libiya, daga can ya tsallaka teku. Na tambaye shi, in abin bai yiwu ba me zai dawo ya tarar? Sai ya nuna min ai shi ya sa zai sayar ɗin, don kada zuciyarsa ta yi tunanin komawa baya, kamar yadda Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙona jiragensa. A wajen wa'azi ya ji labarin.

Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin mu masu hawa mumbari mu muka yaɗa labarin nan. Shi ya sa yau zan kawo muku tarihin wannan bawan Allah yadda ya tabbata, da kuma tarihin jiragen yaƙin da suka ci sunansa a zamaninmu.

Ɗariƙu ɗan Afirka ne. Mafi yawan malaman tarihi sun tafi a kan cewa Babarbare ne, wato daga Barbar mutanen Magrib, dangin Buzayenmu, ba Barebarin Borno ba. Yaron gidan Musa bin Nusair ne, gwamnan Afirka ta Arewa da ke zaune a Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, a zamanin Halifa Walid bin Abdulmalik na Banu Umayya. Da Musa ya ga ƙwazonsa da riƙon amanarsa, sai ya ba shi riƙon garin Ɗanja, a ƙarshen ƙasar Maroko. Daga nan in gari ya yi haske ana hango Andalus, wato Sifen da Fotugal na yau, don ruwan da ke tsakani a inda ya fi matsewa bai wuce kilomita 14 ba.

A lokacin sarautar Andalus tana hannun wata ƙabila da ake kira Ƙuɗ, kuma gidansu ya rabu biyu. Wani mai suna Luzariƙ ya hau mulki, dangin sarkin da ya gabace shi ba su yarda ba. Mai mulkin garin Sabta, wani Kirista mai suna Yulyan, shi ma ba ya ga maciji da Luzariƙ, sai ya nemi Musulmi su shigo, ya yi alƙawarin ba su jirage da jagora.

To ku lura da abin da ya biyo baya. Musa bai yi gaggawa ba, sai da ya rubuta wa Halifa. Halifa ya umarce shi da kada ya jefa Musulmi cikin haɗarin teku, ya fara aika 'yan leƙen asiri. A shekara ta 91 bayan Hijira, daidai da 710, aka tura Ɗarif bin Malik da mutum 500, dakaru 400 da mahaya 100. Suka je, suka duba, suka dawo lafiya. Garin Tarifa da ke kudancin Sifen har yau sunansa yake amsawa.

Sai bayan shekara guda, a 92 bayan Hijira, wato 711, Ɗariƙu ya tsallaka da mutum kusan 7,000, galibinsu Barbar. Jirage huɗu ne na Yulyan suka yi ta jigilarsu, sawu bayan sawu. Suka sauka a gindin wani dutse da daga baya aka kira Jabal Ɗariƙ, wanda bakin Turawa ya mayar Jibralta. Da labari ya zo cewa Luzariƙ na tafe da runduna mai yawa, Ɗariƙu bai ji kunyar neman taimako ba. Ya aika wa Musa, Musa ya ƙaro masa mutum 5,000, suka zama 12,000.

A ƙarshen Ramadan na wannan shekarar, cikin watan Yuli, aka gwabza a Wadi Lakka. Littattafan Larabci sun ce an kwashe kwana takwas ana fafatawa. Wani ɓangare na rundunar Luzariƙ ya janye jiki saboda rikicin cikin gida, aka karya shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗariƙu ya tura Mugis Arrumi zuwa Ƙurɗuba, shi kuma ya nufi Ɗulaiɗula, babban birnin masarautar, ya shige ta.

Yanzu ina maganar ƙona jirage ta shigo? 'Yan uwa, malaman da suka fara rubuta tarihin buɗe Andalus, irin su Ibn Abdil Hakam da Balazuri da Ibnul Ƙuɗiyya, ba su kawo ta ba. Daga cikin wuraren farko da aka ga labarin akwai littafin Idrisi, Nuzhatul Mushtaƙ, wanda aka kammala a 1154, fiye da shekara 400 bayan faruwar abin. Sannan ku auna da hankali. Jiragen ba na Ɗariƙu ba ne, na Yulyan ne, ta yaya mai amana zai cinna wa kayan aro wuta? In ya ƙona su, da me ɗan aikensa ya koma wajen Musa, da me mutum 5,000 ɗin nan suka tsallako? Kuma kwamandan da Halifansa ya ja wa kunne a kan rayukan Musulmi, shi ne zai toshe musu hanyar tsira? Shari'a ta hana ɓarnatar da dukiya, ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Haka huɗubar nan mai daɗin Larabci da ake jingina masa, masu bincike da yawa suna shakkar ingancinta. Mutumin nan ba ya buƙatar mu ƙara masa gishiri. Abin da ya tabbata daga gare shi ya isa abin alfahari.

A shekarar 712 Musa da kansa ya tsallako da mutum kusan 18,000. Ya buɗe Ishbiliya, ya buɗe Marida, sannan suka haɗu da Ɗariƙu kusa da Ɗulaiɗula. Ruwayoyi sun nuna haɗuwar ba ta yi daɗi ba da farko, Musa ya yi masa faɗa a kan kutsawa cikin ƙasa da ya yi da nisa. Ga mutum da nasara a hannu, ga runduna 'yan ƙabilarsa a bayansa. Da irinmu ne, da tuni an ja daga, an buɗe sabon masallaci, an raba mabiya. Ɗariƙu ya sunkuyar da kai, suka ci gaba tare har Saraƙusɗa a arewa.

A 714 Halifa ya kira su duka biyu zuwa Dimashƙa. Suka bar ƙasar da suka buɗe, suka amsa kira. Isarsu ta zo daidai da ƙarshen rayuwar Walid, wanda ya rasu a farkon 715. Ƙaninsa Sulaiman da ya gaje shi bai yi da Musa ba, kuma ba a daɗe ba Musa ya rasu a tafiyar aikin Hajji. Shi kuwa Ɗariƙu, daga nan tarihi ya yi shiru a kansa. Ba a sake ba shi tuta ba, ba a mayar da shi Andalus ba. Ana kyautata zaton ya rasu wajajen 720. Mutumin da ya buɗe ƙofar da Musulmi suka zauna a cikinta har faɗuwar Garnaɗa a 1492 ya koma ga Ubangijinsa kamar kowane talaka. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

Amma sunan da aka samu da aiki ba ya bin mai shi kabari. Dutsen nan yana hannun Birtaniya tun 1704, amma ba su iya kankare sunan ba. Kuma abin mamaki, mutumin da aka ce ya ƙona jirage, jirage ne suka riƙa gadon sunansa.

Mu a Kaduna kogi gare mu, ba teku ba, duk da cewa a nan makarantar NDA, wadda aka kafa a 1964, ake horar da hafsoshin sojan ruwanmu. To a cikin jiragen yaƙi akwai nau'in da ake kira distiroya: jirgi ne mai gudu, aikinsa rakiyar manyan jirage da farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Rundunar ruwan Pakistan ta sa wa irin wannan jirgi suna Tariq har sau uku.

Na farko Birtaniya ta ƙera shi, aka saka shi a ruwa a 1941 da sunan HMS Offa. Ba Offa ta Jihar Kwara ba, sunan wani tsohon sarki ne na ƙasar Ingila. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi rakiyar jiragen da ke kai wa Rasha kaya ta tekun ƙanƙara. A 1949 aka miƙa shi ga Pakistan, ya yi shekara 10 yana amsa sunan Tariq, a 1959 aka mayar da shi Ingila aka yanka shi ƙarfen gwangwan.

Na biyu na Amurka ne, USS Wiltsie, wanda ya yi yaƙin Koriya da na Biyetnam. Pakistan ta saye shi a 1977. A 1990 aka cire masa sunan, aka koma kiransa Nazim.

Na uku an ƙera shi a Gilasgo, ya fara aiki a 1975 da sunan HMS Ambuscade, ya kuma shiga yaƙin tsibiran Fokland tsakanin Birtaniya da Ajantina a 1982. Pakistan ta karɓe shi a 1993. A Disambar 2004, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Maldif, yana can ya kai ziyara, sai ya shiga aikin ceton mutane. A ganina wannan ce ranar da ya fi cancantar sunan da yake ɗauke da shi. A 2023 aka yi masa ritaya bayan shekara 30.

Kun lura? Duka ukun kwance ne, wasu suka ƙera, suka mora, sannan aka sayo aka liƙa musu sunan gwarzonmu. Sai a 2023 ɗin ne aka saka sabon Tariq a ruwa wanda aka ƙera a Karachi da haɗin gwiwar Turkiyya, ko da yake shi ƙaramin nau'i ne. Fiye da shekara 70 kafin a kai nan. Mu ma babban jirgin da muka daɗe muna taƙama da shi, NNS Aradu, sunan ne na Hausa, ƙirar ta Jamus ce. Al'ummar da ba ta ƙera jirgi, ina ta ga na ƙonawa?

Don haka abin da na gaya wa matashin nan shi zan gaya muku. In da gaske Ɗariƙu kake koyi da shi, to bi tsarinsa. An nemi izinin na gaba, kai ka shawarci iyayenka da matarka? An tura Ɗarif ya duba hanya shekara guda kafin tafiya, kai ka zauna da waɗanda aka dawo da su daga Libiya ka ji abin da suka gani? Ya bar hanya a buɗe tsakaninsa da gida, shi ya sa taimako ya same shi ranar da ya buƙata. Kekenka shi ne jirginka. Tekun da kake shirin shiga a kwale-kwalen roba ya ci dubban 'ya'yan mutane, kuma rufe ido a faɗa ruwa ba shi ne tawakkali ba. Tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi.

Mu kuma masu wa'azi mu ji tsoron Allah. Labari ko ya kai zuma daɗi, in bai tabbata ba a bar shi, don ba ka san wanda zai gina rayuwarsa a kansa ba. Ku iyaye masu sa wa 'ya'ya suna Ɗariƙu, madalla, amma ku haɗa musu da tarihin na gaskiya: shiri, neman shawara, biyayya, da barin muƙami ba tare da tayar da fitina ba.

Allah Ya tsare mana matasanmu, Ya buɗa musu hanyoyin halal, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Wallahu a'alam.