Tarihin Luis Barragan, gwanin tsara lambunan gidaje

A cikin masu zanen gine-gine na ƙarni na 20, kaɗan ne suka yi suna da ƙananan ayyuka kamar yadda Luis Barragan na ƙasar Meksiko ya yi. Akasarin abin da ya bari gidajen zama ne da lambuna da tafkuna da katangu masu launi, kuma kusan dukansu a cikin ƙasarsa suke. Duk da haka a shekarar 1980 shi aka bai wa lambar yabo ta Pritzker, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daraja a wannan fanni. Shi ne mutum na biyu da ya taɓa samun ta.

Aƙidarsa ita ce, gida wurin sutura ne da natsuwa, kuma lambun da ke bayan katanga shi ne zuciyar gidan. A kan haka ya shafe kusan shekaru 50 yana aiki da abubuwa huɗu: katanga, dutse, ruwa da haske.

Tasowarsa

An haifi Luis Barragan a ranar 9 ga watan Maris na 1902 a birnin Guadalajara da ke jihar Jalisco, cikin wani gida na masu hannu da shuni, mabiya ɗarikar Katolika. Iyayensa na da babban gandu a kusa da garin Mazamitla mai tsaunuka, inda ya riƙa yin hutu yana yaro. A can ya koyi hawan doki, a can kuma ya saba da gidajen ƙauye masu kaurin bango, da kwamin shayar da dabbobi, da yadda ake janyo ruwa zuwa cikin gari ta kututtukan itatuwa da aka rarake aka ɗora bisa sanduna. Waɗannan abubuwa sun sake bayyana a ayyukansa bayan shekaru da dama.

Karatun injiniya ya yi a Guadalajara, ya kammala a 1923. Zanen gine-gine da tsara lambu kuwa da kansa ya koya, ta hanyar karance-karance da tafiye-tafiye.

Darasin Andalus

A tsakanin 1924 da 1925 ya yi doguwar ziyara a Faransa da Sifaniya. A Faransa ya ci karo da littattafan Ferdinand Bac, wani marubuci kuma mai tsara lambuna, wanda ke kira da a koma ga salon lambunan ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. A Sifaniya kuma ya ziyarci fadar Alhambra da ke Granada, wadda sarakunan Musulmi na gidan Banu Nasr suka gina a ƙarni na 13 da na 14.

Abin da ya gani a wannan fada ya zauna masa a zuciya har ƙarshen rayuwarsa. Daga waje katangu ne kawai marasa ado. Sai mutum ya bi ta lungu mai duhu, sannan ya ɓullo tsakar gida mai dogon tafki, ruwan a kwance kamar madubi, ginin da sararin sama duka suna ciki. Magina na Andalus sun san darajar ruwa a ƙasa mai zafi, don haka da ɗan kaɗan suke samar da sanyi da sauti da sheƙi. A farkon shekarun 1950 Barragan ya kuma ziyarci Maroko, inda gidajen ƙasa na yankin suka ƙara ƙarfafa masa wannan ra'ayi.

Da ya koma Guadalajara ya gina gidaje da dama masu tsakar gida da maɓuɓɓugar ruwa, cikinsu har da gidan Gonzalez Luna. A tsakiyar shekarun 1930 ya ƙaura zuwa birnin Meksiko, inda ya yi 'yan shekaru yana zana benayen haya irin na zamani domin neman abin kansa. Wannan aiki bai kwanta masa ba. Wajen 1940 ya daina karɓar kwangila, ya sayi fili a unguwar Tacubaya, ya shiga tsara lambuna yadda ransa ke so.

Lambu a kan dutse

A kudancin birnin Meksiko akwai wani makeken fili da ake kira El Pedregal, wanda narkakken dutse daga tsaunin Xitle mai aman wuta ya malale shi fiye da shekaru 1,500 da suka wuce. Baƙin dutse ne mai kaifi da ramuka, matattarar macizai, wanda mutane ke ganin ba ya ginuwa ba ya nomuwa. A 1945 Barragan da abokan kasuwancinsa suka fara mayar da shi unguwa.

Maimakon ya fasa dutsen ya daidaita ƙasa, sai ya bar shi yadda yake, ya bi shi sau da ƙafa. Ya sassaƙa matakala a jikinsa, ya shimfiɗa ciyawa a cikin kwaruruka, ya zuba ruwa a ramukan da dutsen ya bari suka zama tafkuna, ya kuma gina katangu da irin dutsen wurin. Itatuwan da suka tsiro a tsagogin dutsen ya ƙyale su. Tsarinsa shi ne filaye su kasance manya, gini kuma ya ci ɗan ƙaramin kaso, sauran ya zama lambu. Hotunan da Armando Salas Portugal ya ɗauka na waɗannan lambuna sun bazu a mujallun ƙasashen waje.

Sai dai kuma nasarar ce ta zame wa aikin illa. Da filayen suka yi tsada, sai aka riƙa yayyanka su, ana fasa dutsen ana gina manyan gidaje. Kaɗan ne daga cikin lambunan farko suka tsira. Masu suka kuma sun sha nuni da cewa natsuwar da Barragan ke sayarwa ta masu kuɗi ce, domin shi kansa dillalin filaye ne, kuma talakan birnin ba shi da rabo a bayan waɗancan katangu.

Gidansa na Tacubaya

A 1948 ya gina gidan da ya zauna a cikinsa har rasuwarsa. Mai wucewa ta titi ba zai ɗaga kai ya dube shi ba, domin fuskarsa siminti ne tsura kamar na maƙwabta. A ciki kuwa, falon na da wata ƙatuwar taga daga ƙasa har sama wadda ke kallon lambu, shi kuma lambun an bar shi ya yi duhuwa kamar kurmi. A gefe akwai ɗan tsakar gida mai ƙaramin tafki da jerin tuluna. A saman bene ya ɗaga katangu sama da tsayin mutum, ta yadda ba a ganin komai na birnin sai sararin sama.

Barragan bai yarda da yayin gidajen gilashi da ya mamaye zamaninsa ba. A ganinsa gidan da kowa ke leƙa cikinsa ya hana mai shi sakewa.

Ruwa da dawaki

Daga ƙarshen shekarun 1950 ya tsara unguwanni domin masu sha'awar dawaki a arewacin birnin. A Las Arboledas ya gina wani dogon kwamin shayarwa a ƙarƙashin itatuwan turare, cike maƙil da ruwa, da wata doguwar farar katanga a ƙarshensa wadda inuwar ganyaye ke wasa a jikinta. A gidan San Cristobal, wanda ya kammala a 1968 tare da Andres Casillas, akwai tafkin ninƙaya na mutane da kuma babban tafki na dawaki a gaban barga, inda ruwa ke kwararowa daga wani indararo a saman katanga, kewaye da bangaye masu ruwan hoda da shunayya.

Shawararsa ta kai har Amurka. Lokacin da Louis Kahn ke gina cibiyar bincike ta Salk a jihar Kalifoniya, ya gayyace shi domin tsara lambu a tsakiyarta. Barragan ya ba da shawarar kada a dasa ko itace ɗaya, a shimfiɗa dutse kawai a bar filin yana fuskantar teku, kuma haka aka yi.

Gidan Gilardi, wanda ya zana yana da shekaru fiye da 70, shi ne babban aikinsa na ƙarshe. Filin ƙunci gare shi, da wata bishiyar jakaranda a tsakiya, sai ya tsara gidan ya zagaye ta. Tafkin ninƙaya kuwa ya shigo da shi cikin ɗakin cin abinci, da jan ginshiƙi tsaye a cikin ruwan, da shuɗin bango da hasken rana ke sauka a kansa.

Ƙarshen rayuwarsa

Duniya ba ta farga da shi sosai ba sai a 1976, lokacin da gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya baje kolin ayyukansa. Ya yi fama da cutar Parkinson mai sa makyarkyata, ya kuma rasu a ranar 22 ga watan Nuwamban 1988, yana da shekaru 86. Bai taɓa aure ba.

Bayan rasuwarsa an sayar da zane-zanensa da takardun aikinsa, suka koma hannun wata gidauniya a Suwizalan a tsakiyar shekarun 1990, abin da ya daɗe yana ci wa 'yan Meksiko da dama tuwo a ƙwarya. A 2016 wata mai fasaha Ba'amurkiya, Jill Magid, ta bayyana wani zobe mai lu'ulu'u da aka sarrafa daga tokar gawarsa bisa amincewar danginsa, ta yi tayin bayar da shi idan za a mayar da takardun gida. Lamarin ya janyo ce-ce-ku-ce, kuma ba a karɓi tayin ba.

Gidansa na Tacubaya dai an mayar da shi gidan tarihi, kuma a 2004 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.