Arthur Coningham: matuƙin da ya kai jirgin sama na farko Kano, ya ɓace a teku

Ranar 1 ga Nuwamban 1925 ne jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a wani filin wasan dawaki a Kano, karo na farko da birnin ya ga jirgin sama. Jagoran tafiyar shi ne Arthur Coningham, mai shekara 30 a lokacin.

An haife shi a Brisbane ta Ostiraliya ranar 19 ga Janairun 1895, ya tashi a Niyu Zilan. Ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a matsayin sojan ƙasa, aka sallame shi saboda rashin lafiya, sai ya kai kansa Ingila a 1916 ya koyi tuƙin jirgin yaƙi.

Jiragen Kano samfurin DH.9A ne, masu fukafukai biyu sama da ƙasa, kowanne na ɗaukar mutum biyu, kuma mazaunin matuƙi a buɗe yake, rana da ƙura na dukansa. Sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka bi ta Khartum, Al-Fashir, Abeche, Fort Lamy (Injamena ta yau) da Maiduguri. Kusan hanyar da maniyyatan Katsina, Gobir da Maraɗi ke bi da ƙafa zuwa Makka a wancan zamani ke nan, sai dai su daga gabas suka taho. Babu hasumiyar da za ta ce wa matuƙi ga tsayin da zai bi ko ga inda zai sauka. Taswira ce da kamfas da idonsa, sai lissafin man da ya rage. Wanda ya kuskure lissafin nan a dajin Darfur, sai dai Allah ya kiyaye. Duk da haka jiragen uku suka koma Helwan ranar 19 ga Nuwamba.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya jagoranci rundunar saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, daga baya kuma a yaƙin ƙwato Faransa a 1944. Ya ajiye aiki a 1947.

Ajalinsa ya same shi yana fasinja. Ranar 29 ga Janairun 1948 ya tashi daga tsibiran Azoris zuwa Bamuda a jirgin Star Tiger, mutum 31 a ciki. Iska mai ƙarfi na tunkarar su, matuƙin ya riƙe jirgin ƙasa-ƙasa, ƙafa 2,000 kacal sama da tekun Atlantika, tsayin da ba ya barin sararin gyara in matsala ta taso. Bayan ƙarfe 3 na dare jirgin ya nemi Bamuda ta faɗa masa alƙiblarsa, aka ba shi, ya amsa. Daga nan shiru. Mai rediyon da ke ƙasa ya ɗauka jirgin ya koma magana da sashen da ke kula da sauka ne, sai da aka haura sa'a guda kafin a shelanta halin gaggawa. An kwana biyar ana nema, ko tarkace ba a gani ba, kwamitin bincike kuma ya kasa gano dalili.

Irin wannan giɓi ne dokokin ICAO, hukumar jiragen farar hula ta duniya, suka toshe: idan aka yi minti 30 ba a ji jirgi ba bayan lokacin da ya kamata ya yi magana, dole masu kula da zirga-zirga su shiga matakin farko na faɗakarwa su sanar da masu ceto. Ƙa'idar ce ke bin alhajin Dakoro da ya tashi daga Yamai, inda hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ke kula da sararin samaniyar Nijar.

Coningham na da shekara 53. Labarin ɓatansa ya fito ne tare da na kisan Mahatma Gandhi a Indiya da rasuwar Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903, duka a ranar 30 ga Janairun 1948.