John Lennon: mawaƙin da sunansa ya zo a gaba, da rigimar da ta fi shi tsawon rai

Duk wanda ya taɓa sauke waƙar ƙungiyar Beatles a wayarsa ya duba inda ake rubuta sunan masu waƙa, zai ga sunaye biyu manne da juna: Lennon–McCartney. Waƙoƙi kusan 180 ne ke ɗauke da wannan tambari. Sunan John Lennon ne a gaba, na Paul McCartney a baya, har a waƙoƙin da Lennon bai sa ko kalma ɗaya ba. An kashe Lennon tun 1980, amma an shafe fiye da shekara talatin bayan mutuwarsa ana jayayya kan wanda ya kamata a fara ambata.

An haifi John Winston Lennon ranar 9 ga Oktoban 1940 a Liverpool, garin da matasanmu suka fi sani da ƙwallon ƙafa, a lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a biranen Ingila. Mahaifinsa Alfred ma'aikacin jirgin ruwa ne da ba ya zama gida. Auren iyayensa bai ɗore ba, kuma tun yana ɗan shekara biyar yayar mahaifiyarsa, Mimi Smith, ta ɗauke shi riƙo a unguwar Woolton. Mimi mace ce mai tsanani da ba ta ɗauki kiɗa a matsayin sana'a ba. Mahaifiyarsa Julia kuwa, wadda ke zaune ba nisa, ita ta fara koya masa kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ya yi kama da gurmi. Ranar 15 ga Yulin 1958 mota ta buge Julia ta mutu, jim kaɗan bayan ta fito daga gidan Mimi. John na da shekara 17.

Shekara guda kafin wannan rashi, ranar 6 ga Yulin 1957, John yana wasa da 'yar ƙungiyarsa ta 'yan makaranta mai suna Quarrymen a wani bikin coci a Woolton, sai wani abokinsa ya gabatar masa da yaro ɗan shekara 15, Paul McCartney. Yaron ya iya gyara sautin jita kuma ya haddace baitocin waƙoƙi, abubuwa biyun da John bai ƙware a kansu ba. John ya fahimci cewa shigar da shi zai rage masa iko, amma ya shigar da shi. Shi ma Paul ya rasa mahaifiyarsa a 1956, don haka bayan mutuwar Julia maraici ya ƙara haɗa su. Sukan gudu daga makaranta su tafi gidan su Paul, su zauna suna fuskantar juna da jita a hannu. Paul bahago ne, sai ya zama kamar kowa na kallon kansa a madubi. A nan suka ƙulla alkawarin da babu lauya ko shaida a wurin: duk waƙar da ɗayansu ya tsara, a rubuta ta da sunan su biyun, a raba abin da ta kawo daidai wa daida.

Sauran tarihin tasowarsu sananne ne. George Harrison ya shigo, sun yi wasan dare a mashayun Hamburg daga 1960, Brian Epstein ya zama manajansu, Ringo Starr ya karɓi ganga a 1962. A watan Oktoban wannan shekarar faifansu na farko, Love Me Do, ya fito da sunan Lennon a gaba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne jerin bai tsaya haka nan take ba. Kundinsu na farko, Please Please Me, wanda ya fito a Maris ɗin 1963, McCartney–Lennon aka rubuta a kansa, haka ma faifan From Me to You da ya biyo baya. Sai a watan Agustan 1963, da fitowar She Loves You, aka koma Lennon–McCartney, kuma daga nan ba a sake juyawa ba har ƙungiyar ta watse. McCartney ya sha ba da labarin yadda aka yi: ya je wani zama a ofishin Epstein a makare, ya tarar John da manajan sun riga sun yanke shawara, aka ce masa hakan ya fi daɗin faɗa kuma ya bi jerin haruffa, aka yi masa alkawarin za a riƙa juyawa idan waƙar tasa ce. Wannan dai bakin Paul ne kaɗai, domin Epstein ya mutu a 1967, Lennon ma ba ya nan ya ba da nasa. Amma babu wanda zai yi mamaki. John ne babba, shi ya kafa ƙungiyar, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana ganin kansa shugaba ba.

A farkon lamari jerin bai dami kowa ba, saboda da gaske tare suke aikin. Ɗaya zai kawo baiti, ɗayan ya kawo amshi. Da tafiya ta yi nisa kowa ya koma rubuta tasa a gida ya kawo wa ɗan uwansa ya yi gyara. Help! da Strawberry Fields Forever da Come Together aikin Lennon ne. Hey Jude da Let It Be na McCartney ne. Hey Jude ma Paul ya tsara ta ne a 1968 don lallashin Julian, ɗan da Lennon ya haifa da matarsa ta farko Cynthia, lokacin da auren ke mutuwa. Sai kuma Yesterday ta 1965, wadda Paul shi kaɗai ya rubuta, shi kaɗai ya rera tare da makaɗan goge huɗu, babu ko mutum ɗaya daga sauran 'yan ƙungiyar a ciki. Tana cikin waƙoƙin da mawaƙa suka fi maimaitawa a tarihi, kuma sunan Lennon ne a gabanta. Shi kansa Lennon bai taɓa da'awarta ba. A hirarrakin da ya yi bayan rabuwarsu ya bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya yana faɗin ta wane ce, kuma a mafi yawansu maganarsa ta dace da ta Paul. Inda suka fi saɓawa shi ne kan In My Life da Eleanor Rigby. Har masana lissafi sun shiga maganar In My Life a 2018, binciken nasu ya fi karkata ga Lennon, amma lissafi ba ya zama shaidar gani da ido.

Yayin da suke lura da sunan wa ke gaba, dukiyar kanta ta sulale musu. A 1963 aka kafa kamfanin Northern Songs don riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙinsu. Ɗan kasuwa Dick James da abokin hulɗarsa suka kwashe kusan rabi, Lennon da McCartney kowa ya samu kashi 20 cikin ɗari. A 1969 James ya sayar da kasonsa ga kamfanin ATV ba tare da ya shawarce su ba. Sun yi ƙoƙarin ƙwato kamfanin, suka kasa, musamman da yake a lokacin su biyun ba sa ga maciji kan wanda zai riƙe musu harkar kuɗi: Lennon na son Allen Klein, McCartney na son surukinsa Lee Eastman. A 1985 Michael Jackson ya sayi ATV a kan dala miliyan 47 da rabi, waƙoƙin Beatles suka koma hannunsa, daga baya kuma hannun Sony.

A waɗannan shekaru Lennon ya zama wani mutum daban. Ya haɗu da Yoko Ono, 'yar ƙasar Japan mai fasahar zane da nune-nune, a Landan a 1966, ya aure ta a Maris ɗin 1969. Ya shiga fafutukar adawa da yaƙi gadan-gadan. A watan Nuwamban 1969 ya mayar wa fadar Sarauniyar Ingila lambar yabon da aka ba shi, kuma cikin dalilan da ya bayar har da hannun da Birtaniya ta sa a yaƙin basasar Najeriya da goyon bayan da take ba Amurka a Vietnam. A watan Satumba na shekarar ya riga ya shaida wa abokan cewa ya bar ƙungiyar, aka roƙe shi ya yi shiru saboda kwangila. Sai Paul ya riga shi fitar da labarin ga duniya a Afrilun 1970, abin da ya ƙona wa Lennon rai ƙwarai, domin yana ganin wanda ya kafa ƙungiya shi ya kamata ya sanar da rushewarta. Ranar ƙarshe ta 1970 Paul ya kai sauran ukun kotu yana neman a raba gari. A 1971 suka yi ta yi wa juna zambo da habaici a cikin waƙa, kuma na Lennon ya fi zafi.

A nan ne halin Lennon game da suna yake da ban mamaki. Waƙar Give Peace a Chance, da ya naɗa a ɗakin otal a Montreal a 1969, ba ta da alaƙa da Paul ko kaɗan, amma ya sa mata Lennon–McCartney don girmama tsohon alkawari. Daga baya ya nuna nadama, ya ce Yoko ce ta cancanci wannan gurbin. Sannan da ya fitar da Imagine a 1971, waƙar da ta fi kowace tasa shahara, sunansa kaɗai ya sa, alhali tunanin waƙar ya samo asali daga wani littafin Yoko na 1964. Kwana biyu kafin a kashe shi, a hira da BBC, ya amsa cewa son kai da ganin girman namiji ne suka hana shi sa sunanta. Mutumin da ya ba abokinsa sunan da bai yi aikinsa ba, shi ne ya hana matarsa wanda ta yi aikinsa.

Ya koma New York da zama a 1971. Gwamnatin Nixon ta yi shekaru tana neman korarsa daga Amurka saboda siyasarsa, sai a 1976 ya samu takardar zama ta dindindin. Bayan haihuwar ɗansa Sean a 1975 ya ajiye waƙa shekara biyar yana renon yaron. Shi da Paul sun shirya daidai gwargwado, suna gaisawa ta waya, wani lokaci Paul ya ziyarce shi. A Disamban 1976 Paul ya fitar da kundin Wings over America, ya juya jerin sunayen a waƙoƙin Beatles biyar da ke ciki, ya sa nasa a gaba. Lennon yana da rai, kuma bai fito ya yi ƙorafi ba. Ranar 8 ga Disamban 1980, makonni uku bayan fitowar sabon kundinsa Double Fantasy, wani mai suna Mark David Chapman ya harbe shi a ƙofar ginin Dakota inda yake zaune. Yana da shekara 40.

Mutuwar ta sauya ma'aunin baki ɗaya. Wanda aka kashe da ƙuruciya ba ya tsufa, ba ya fitar da kundin da zai ba mutane kunya. Littattafan da suka fito a shekarun 1980 suka mai da Lennon shi ne mai zurfin tunani, Paul kuwa mai 'yan waƙoƙin soyayya masu zaƙi. Wannan ba adalci ba ne, kuma Paul ya ji ciwonsa. A 1997 aka wallafa wani littafi da ya yi tare da marubuci Barry Miles, inda ya bi waƙoƙin yana ƙiyasta kason kowa. Masu suka suka ce yana gardama da wanda ba zai iya mayar da martani ba.

A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ake haɗa jerin kundin Anthology, Paul ya roƙi a sa sunansa a gaba a waƙa ɗaya tak, wato Yesterday. Yoko, wadda ke riƙe da gadon mijinta, ta ƙi. A Nuwamban 2002 ya fitar da kundin wasanninsa Back in the U.S., ya juya sunayen a waƙoƙi 19 ba tare da ya nemi izini ba. Lauyan Yoko ya fito ya yi tir, jaridu suka yi ta maganar shiga kotu, amma ba a kai ga haka ba. Masoya Beatles da dama suka ga abin a matsayin ƙanƙanta ga attajirin da duniya ta riga ta san ko shi wane ne. A 2003 Paul ya ce ya haƙura, a bar shi yadda yake. Haƙurin bai hana shi sake tayar da maganar a wata hira a 2015 ba.

Jerin sunayen ba ya ƙara wa kowa ko sisi, rabon kuɗin daidai yake ko wa aka fara rubutawa. Hujjar Paul ita ce littattafan waƙa da allon na'urori kan yanke dogon rubutu, sai sunan farko ya tsaya na biyu ya ɓace, har wata rana yaro ya taso yana ganin Lennon ne ya rubuta Hey Jude. Wanda ke sauraren waƙa a waya ya san wannan ba ƙarya ba ce. Hujjar Yoko kuma ita ce alkawari alkawari ne, kuma ba a warware shi bayan ɗaya daga cikin masu shi ya kwanta dama. A ganina tata ta fi ƙarfi, ko da yake ita ma ba ta bi ta har ƙarshe ba: a kundin tattara waƙoƙin Lennon da ya fito a 1997, an cire sunan McCartney daga Give Peace a Chance gaba ɗaya. A watan Yunin 2017 kuma ƙungiyar masu wallafa waƙoƙi ta Amurka ta sanar da cewa za a ƙara sunan Yoko a kan Imagine, bisa hujjar waccan hirar ta BBC.

Duk da wannan tsama, Yoko ce ta miƙa wa Paul wasu kaset-kaset a 1994, na waƙoƙin da Lennon ya naɗa shi kaɗai da fiyano a gida bai ƙarasa ba. An gyara biyu aka fitar a 1995 da 1996. Ta ukun, Now and Then, ta gagara saboda ƙarar fiyano ta danne muryar. Sai daga baya aka samu manhajar da ta iya ware muryar Lennon daga sauran sautin, Paul da Ringo suka ƙarasa waƙar tare da jitar da George Harrison ya naɗa kafin mutuwarsa a 2001. Ta fito ranar 2 ga Nuwamban 2023, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, kusan shekara 43 bayan kisan Lennon. Sunaye huɗu aka rubuta a kanta, na Lennon a gaba, na McCartney na biye.