César Roux: Likitan da ɗinkinsa ya zama mafita ga masu ƙwannafi bayan tiyatar rage ciki

Duk wanda ya taɓa riƙe takardun mara lafiyar da ya dawo daga Alƙahira ko Istanbul bayan aikin rage ƙiba, mai yiwuwa ya ci karo da wata baƙuwar kalma, Roux-en-Y. Mutanenmu a nan Gadarif wasu kan ɗauka sunan na'ura ne, wasu su ce magani ne. To ba ko ɗaya. Roux sunan mutum ne, ana furta shi Ru, wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu tun 1934. Shi kuwa Y ɗin harafin boko ne mai siffar gwafa, domin haka hanjin yake komawa idan an gama ɗinkin. Tarihin wannan mutum nake so mu duba yau, don a fahimtata wanda ya san dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ɗinkin, da inda ya ci nasara, da inda ya gaza a hannun mai shi, zai fi gane abin da likita ke nufi idan ya ce a mayar da takmim ya zama tahwil.

An haifi César Roux ranar 23 ga Maris, 1857, a ƙauyen Mont-la-Ville da ke jihar Vaud, yankin Suwizalan mai magana da Faransanci. Kakanninsa 'yan gudun hijira ne, Kiristoci 'yan Furotesta da suka baro Faransa saboda tsangwamar addini. Mahaifinsa ma'aikacin ilimi ne, gidan kuma cike yake da yara, su goma sha ɗaya. Ka ga kuwa ba gidan da kuɗi ke kwana ba ne. Ya yi karatun likita a Jami'ar Bern, ya kammala a 1880, sannan ya zama mataimaki ga Theodor Kocher, gwanin aikin maƙoƙo wanda daga baya ya karɓi lambar Nobel a 1909. A wajen Kocher ya koyi tsabta da haƙuri da ɗaure jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma leƙa Biyana wajen Theodor Billroth, da birnin Halle na Jamus wajen Richard von Volkmann, don ya ga yadda manya ke aiki.

A 1883 ya koma Lozan, babban birnin jiharsu, ya fara duba marasa lafiya. Ya auri Anna Bégoune, wadda ta zo Bern karatun likita daga daular Rasha. Sunansa ya fita da wuri. A 1887, yana da shekara 30 kacal, aka damƙa masa sashen fiɗa na babban asibitin jiha, da aka buɗe Jami'ar Lozan a 1890 kuma ya zama farfesan fiɗa a cikinta. Bai bar kujerar ba sai 1926. An san shi da saurin hannu da kaifin harshe a gaban ɗalibai, amma an san shi da tausayin mara lafiya, musamman talaka.

Ya kamata mu tuna irin zamanin da yake aiki. Maganin sa barci ya shigo ɗakin tiyata a 1846, Joseph Lister ya fito da dabarar kashe ƙwayoyin cuta a 1867, amma babu hoton ƙashi sai 1895, ba a san rukunonin jini ba sai 1901, maganin irin su fenisilin kuwa sai bayan mutuwarsa ya shiga asibitoci. Buɗe cikin mutum a wancan lokaci kasada ce babba. Sai a 1881 Billroth ya yi nasarar yanke wani ɓangare na tumbin wata mata mai ciwon daji ta farfaɗo. A shekarar dai mataimakinsa Anton Wölfler ya ɗinka madaukin ƙaramin hanji a jikin tumbi don abinci ya kauce wa ƙofar da ta toshe.

A nan matsalar take. A lokacin gyambon ciki da daji sukan toshe ƙofar fita ta tumbi, mutum ya ci ya amayar, ya rame har ya mutu da yunwa alhali ga abinci. Ɗinkin madauki ya buɗe hanya, sai dai ruwan matsarmama, wanda hanta ke zubowa a farkon hanji, shi ma ya samu ƙofar shiga tumbi. Wasu marasa lafiya sai su kama amai kore mai ɗaci ba tsayawa. A 1892, lokacin Halifa Abdullahi na mulki a Umdurman, Roux ya gwada wata dabara a Lozan. Ya raba ƙaramin hanji gida biyu. Bakin ƙasa ya ɗaga shi ya ɗinka a bayan tumbi, ya zama hanyar abinci. Bakin sama mai ɗauke da ruwan ɗaci ya ɗinka shi can ƙasa a gefen na farkon. Tun da hanji gaba yake tura abin da ke cikinsa, ruwan ɗacin sai ya haɗu da abinci a ƙasa, ya wuce abinsa, bai hau sama ba. Wölfler ya riga ya kawo shawarar irin wannan, amma Roux ne ya yi ta yi a jikin mutane har ya daidaita ta. Ya fara rubutu a kai a 1893, a 1897 kuma ya wallafa dogon bayani kan mutum 50 da ya yi wa aikin haɗa tumbi da hanji, bai ɓoye waɗanda suka rasu ba.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne abin da ya biyo baya. Da shekaru suka tura, ya lura wasu daga cikin waɗanda suka warke suna dawowa da sabon gyambo daidai bakin ɗinkin. Dalili kuwa, tumbin yana nan sukutum yana zuba ruwan tsami, ruwan da ke kashe kaifin tsamin kuma an karkatar da shi ƙasa, sai tsamin ya riƙa cin hanjin da bai saba da shi ba. Wajen 1911 Roux ya daina amfani da ɗinkin a kan masu gyambo. Mutum ya ajiye aikin da ya ɗaga sunansa saboda ya ga yana cutar da wasu, ai wannan ba ƙaramin hali ba ne.

Ba nan kaɗai ya bar tarihi ba. Yana cikin na farko a Turai da suka dage a cire afendis da wuri kafin ya fashe, a lokacin da da yawa ke cewa a jira. A 1907 ya ba da labarin wani yaro da ya sha ruwan soda mai ƙuna hanyar abincinsa ta toshe, shi kuma ya ɗauko hanji ya bi da shi ta ƙarƙashin fatar ƙirji don ya yi masa sabuwar hanya. Iyaye mata masu haɗa sabulu a gida, don Allah a ɗauke soda daga inda hannun yara ke kaiwa, wannan haɗari har yau yana faruwa. A 1926 kuma shi ne na farko da ya cire wani ƙari na saman ƙoda mai haddasa hawan jini, mara lafiyar ta tashi. Akwai ma wani ƙarfen buɗe rauni da ake amfani da shi a ɗakin tiyata mai ɗauke da sunansa. Ya rasu ranar 21 ga Disamba, 1934, a Lozan, yana da shekara 77, yana cikin duba marasa lafiya. Har yau akwai titi da sunansa a birnin.

Roux bai taɓa yi wa kowa aikin rage ƙiba ba. Sai a tsakiyar shekarun 1960 Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya fara raba tumbi don a rage nauyi, shi ma da ɗinkin madauki, sai ga tsohuwar matsalar ruwan ɗaci ta sake ɓullowa. A 1977 Ward Griffen ya ɗauko gwafar Roux ya ɗora a kai. A 1994 Alan Wittgrove da abokin aikinsa suka ba da rahoton yin aikin ta ƙananan huji da kyamara. Wannan shi ne abin da likitocinmu ke kira tahwil masar.

Shi kuwa takmim daga baya ya zo. Tun farkon shekarun 2000 ya fara tsayawa a matsayin aiki mai zaman kansa, yanzu kuma shi aka fi yi a duniya. Ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siriri kamar hannun riga. Ya fi sauƙi, ba a taɓa hanji, kuma mutane da yawa sun ji daɗinsa, sukari da hawan jini sun lafa. Amma siririn tumbi ba ya buɗewa kamar na asali, matsi yana ƙaruwa a cikinsa, ƙofar fita ta ƙasa tana nan da ƙarfinta, ƙofar sama kuma mai hana abu komawa wuya takan raunana. Ruwan tsami sai ya bi inda ya fi sauƙi, wato sama.

Na ga wannan a gidanmu. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata an yi mata takmim a waje, da kuɗin riɗin da mijinta ya sayar. Ta rage nauyi, kowa ya yi murna. Bayan kamar shekara biyu ta daina iya kwanciya sai ta jera matasai, ruwa mai tsami na taso mata cikin dare, ga tari, ga muryar da ta dushe. Ta bar shatta, ta bar jabana, agashe ma sai dai ta ji ƙamshi, tana shan omeprazole safe da yamma, duk da haka ba sauƙi. Da likita ya ambaci aiki na biyu, sai dangi suka rabu biyu, wasu na cewa gwaji ake so a yi da ita. Wannan gardama ce ta sa na bi diddigin sunan da ke cikin takardarta har na iso ga Roux.

Ga yadda juyin yake. Likita zai yanke saman hannun rigar ya bar 'yar ƙaramar jaka mai ɗaukar abin da bai fi mililita 30 ba, ƙasa da rabin ƙaramin kofin shayi. Sai ya ɗago reshen hanji irin na Roux, wanda tsawonsa kan kai mita ɗaya ko ɗaya da rabi, ya ɗinka a jikinta. Idan akwai ɓular da tumbi ke kutsawa ƙirji ta cikinta, sai a gyara a lokaci guda. Jakar ba ta yin tsami da yawa, ba ta tara matsi tun da tana zubewa kai tsaye cikin hanji, ruwan ɗaci kuma yana can nesa. Ka ga abin da ya kayar da ɗinkin a zamanin Roux, wato babban tumbi mai tsami, an rage shi ƙwarai. Shi ya sa mafi yawan waɗanda aka yi wa juyin ke samun sauƙi sosai, ko da yake akwai waɗanda ba sa rabuwa da magani.

Amma fa kada a ɗauka duk mai ƙwannafi wuƙa yake buƙata. Ana farawa da magani da gyaran ci, a daina kwanciya da cikakken ciki, a ɗaga gefen kai na gado. Idan bai yi ba sai a zura kyamara, wato minzar, a duba ko tsamin ya ƙona hanyar abinci, ko ya sauya mata fata, yanayin da ake kira Barrett wanda a wasu 'yan kaɗan kan kai ga daji. A duba ko hannun rigar ya murɗe ko ya ƙuntata, a kuma yi gwajin jarsuma. Wanda abinci ya fara maƙale masa, ko yake aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, wannan ba ya jira.

Gargaɗin Roux kuma yana nan daram. Gyambon bakin ɗinki har yanzu yana faruwa, musamman ga mai shan sigari ko shisha, mai tumbak ma ya faɗa wa likita gaskiya. Haka mai haɗiyar ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke saye a kanti kamar alewa. Aiki na biyu ya fi na farko haɗari saboda tabo. Bayansa mutum zai sha ƙarin sinadarin ƙarfen jini da bitamin B12 da kalsiyam har ƙarshen rayuwa, tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Shayinmu mai cokali uku na sukari kan jawo jiri da gumi da bugun zuciya. Ciwon ciki mai tsanani ko bayan shekaru ne a garzaya asibiti, don hanji na iya sarƙewa. Mace kan jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta ɗauki ciki. Batun azumi kuwa a zauna da likita tun kafin watan ya kama.

Wannan ya fi nauyi a kanmu yanzu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, asibitoci da yawa na Hartum suka tsaya, Gadarif ta cika da waɗanda suka baro gidajensu, magani kuma yau akwai gobe babu. Don haka kafin iyali su sayar da dawa ko riɗin bana su tura mara lafiya waje, su tambayi likita abubuwa uku: sau nawa ya yi irin wannan juyin, wa zai ci gaba da duba mara lafiyar idan ya dawo gida, kuma ina za a riƙa samun bitamin ɗin. Wanda ma bai yi aikin farko ba tukuna, idan ya san yana da ƙwannafi mai tsanani, ya faɗa tun a zaman farko, domin hakan na iya sa a zaɓa masa tahwil kai tsaye. A kuma karɓo cikakken rahoton tiyatar a rubuce a adana shi, saboda likitan da zai karɓe ka a nan da shi zai san yadda aka ɗinka cikinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasa.