Stu Ungar, yaron da ya hana dattawan karta sakat a Las Begas

A watan Mayun 1980, a gidan cacar Binion's Horseshoe da ke Las Begas a Amurka, mutum 73 suka zuba dala dubu 10 kowanne (dalar Amurka, ba dalarmu ta faranka biyar ba) domin shiga babbar gasar duniya ta kartar poka. Da aka zo ƙarshe saura mutum biyu. Ɗaya shi ne Doyle Brunson, ƙaton mutumin Tekzas wanda ya ci gasar a 1976 da 1977. Ɗayan kuwa wani ɗan siririn saurayi ne daga Niyu Yok, ɗan shekara 26, wanda in ka gan shi sai ka rantse ɗan lakol ne. Shi ya tashi da dala dubu 365. Sunansa Stu Ungar, kuma bai daɗe da fara buga irin wannan kartar ba.

An haife shi ranar 8 ga Satumba 1953 cikin wani iyalin Yahudawa a unguwar talakawa ta tsibirin Manhatan. Mahaifinsa yana da mashaya, inda yake karɓar kuɗin masu caca yana kuma ba da bashi da ruwa. A nan yaron ya buɗe ido. Yana ɗan shekara 10 ya ci gasar wata karta da ake kira jin rami, wadda mutum biyu ke bugawa, wanda ya fi riƙe abin da ya wuce a ka shi ke ci. Mahaifin ya mutu tun Stu bai kai shekara 15 ba, sai ya bar makaranta ya riƙe karta sana'a, da ita yake ciyar da uwarsa da ƴar uwarsa. Bashin cacar sukuwar dawaki ya kore shi daga Niyu Yok, ya sauka Las Begas a 1977.

Gwanintarsa a jin rami ita ta kashe masa kasuwa. Ya zauna da Harry Stein, wanda ake ɗauka gwanin gwanaye a lokacin, ya cinye shi wasa 86 ba tare da Stein ya ci ko ɗaya ba. Daga nan kowa ya gudu. Har rangwame yake yi wa abokan wasa don su yarda su zauna, amma a banza. Dole ta sa ya koma poka.

Ga wanda bai san wasan ba: ana ba kowa karta biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiyar tebur kaɗan-kaɗan, kowa ya haɗa da nasa. A kowane zagaye mutum zai iya ƙara kuɗi, ko ya biya abin da wani ya sa, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura. Abin da ya bambanta gasa da cacar yau da kullum shi ne kowa yana farawa da jeton daidai da na kowa, wanda nasa suka ƙare ya tashi ke nan, kuma akwai kuɗin dole da ake sawa kafin a raba karta, wanda ke hauhawa yayin da wasa ke tafiya. Wannan kuɗin dole shi ne tushen duk bambancin salo. Mai jira yana jiran karta mai kyau, kuɗin dole na cin sa a hankali kamar gara. Mai kai hari yana kwashe wannan kuɗin ba tare da an ga kartarsa ba, amma ran da ya ci karo da mai riƙe da babbar karta, ya shiga uku.

Dattawan Tekzas da suka kafa gasar sun koyi wasan ne a kan hanya, gari zuwa gari, da bindiga kusa. Babbansu Johnny Moss, wanda aka ba kambin 1970 ta hanyar ƙuri'ar ƴan wasa, ya kuma ci na 1971 da 1974, mutum ne mai haƙurin zama, ya yi ta kallon abokin wasa awa da awanni kafin ya motsa. A 1980 ɗin ma, yana da shekara sama da 70, shi ya zo na huɗu. Brunson ya fi shi zafi, har ya rubuta littafi yana koyar da matsa wa mutane lamba. Akwai kuma masu taka-tsantsan irin su Dan Harrington, zakaran 1995, wanda saboda tsabar ƙin shiga wasa abokansa suka yi masa laƙabin zolaya mai nuna shi a matsayin mai yawan kai hari.

Ungar ya ɗauki zafin Brunson ya ninka. Yana shiga wasa da kartar da wasu za su jefar, yana ƙara kuɗi a kai a kai, ba ya barin kowa ya ga karta a araha. Hannun da ya ci Brunson da shi 5 ne da 4. Brunson yana riƙe da as da 7, tebur ya ba shi wani as da wani 7 da kuma 2, ya sa kuɗi kaɗan don ya ja yaron. Karta ta huɗu ta fito 3, Ungar ya haɗa jeri daga as zuwa 5. A 1981 ya sake cin gasar, ya doke Perry Green, ya karɓi dala dubu 375.

Sai dai kiran salonsa burga kawai rage masa daraja ne. Masu burga sun yi yawa a Las Begas, yawancinsu ba wanda ya tuna sunansu. Abin da Ungar ke da shi shi ne abin da ya kawo daga jin rami: yana tuna yadda mutum ya sa kuɗi tun zagayen farko, daga nan ya gano abin da ke hannunsa. Misalin da masu wasan ke yawan kawowa shi ne karawarsa da Mansour Matloubi, zakaran 1990. Matloubi ya tura duk abin da ke gabansa a zagayen ƙarshe. Ungar ba shi da komai, babbar kartarsa 10 ce. Ya yi lissafin cewa abokin nasa jeri yake nema bai samu ba, ya biya. Aka buɗe, Matloubi na riƙe da 4 da 5.

A ganina, gasa ce kaɗai wurin da wannan hali ke da katanga. A gasa ba ka iya rasa fiye da abin da ka biya a ƙofa, kuma ba ka iya tashi da jeton ka kai wani wuri. Da Ungar ya fita daga zauren, rashin tsoron kuɗin da ke razana abokan wasansa shi ke cinye shi. Abin da ya ci a tebur sai ya kai wa cacar ƙwallo da dawaki da golf, inda ƙwaƙwalwarsa ba ta da wani amfani. Ga hodar iblis, wadda ya fara sha don ya jure zaman dare. Aurensa da Madeline ya mutu a 1986, ɗanta Richie da Ungar ya riƙa kamar nasa ya kashe kansa a 1989.

A gasar 1990 yana cikin na gaba-gaba da tarin jeton, sai aka tsince shi a sume a ɗakin otel saboda ƙwaya. Bai koma tebur ba. Aka ci gaba da cire kuɗin dole daga tarinsa, kujerarsa ba kowa, duk da haka ya ƙare a matsayi na tara.

Zuwa 1997 an gama cire rai da shi. Ba shi da ko kuɗin shiga, sai abokinsa Billy Baxter ya biya masa dala dubu 10 ana gab da rufe rajista. Ranar farko har gyangyaɗi yake a tebur. Ya sa wani tabarau mai ruwan shuɗi don ya ɓoye hancinsa da hoda ta rusa, yana ɗauke da hoton ƴarsa Stefanie. Cikin mutum 312 ya sake fitowa a gaba. Teburin ƙarshe a waje aka kafa shi, a titin Fremont, cikin zafin hamadar Nebada. Ya tura duka da as da 4 a kan John Strzemp mai as da 8, wato a baya yake, sai karta ta ƙarshe ta fito 2 ta ba shi jeri daga as zuwa 5, irin wanda ya ci Brunson da shi shekara 17 baya. Dala miliyon ɗaya, suka raba da Baxter. Shi da Moss ne kaɗai suka riƙe kambin sau uku.

Rabonsa bai kai wasu watanni ba. A 1998 Baxter ya sake yi masa tayin biya, Ungar ya ƙi fitowa, jikinsa ba ya iyawa. Ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekarar aka iske gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otel mai suna Oasis a Las Begas, yana da shekara 45. Likitoci suka ce zuciya ce, shekarun shan ƙwaya sun lalata ta. Kimanin dala 800 aka samu a jikinsa, kuma abokan wasansa ne suka haɗa kuɗin jana'izar.